Ɗalibai 60 suka rubuta suna, 14 ke zuwa bita, ga shi saura mako 9

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar sakandare. A farkon zangon nan shugaban makaranta ya ɗora mini ƙungiyar wasan kwaikwayo, waƙa da rubutu, ya ce mu shirya abin da za mu nuna ranar ba da kyaututtuka. Yanzu saura mako 9. Ɗalibai 60 suka rubuta suna, amma 14 kawai ke zuwa bita. Na zauna na rubuta wasa mai shafi 38 da kaina, har yau ba mu wuce shafi na 10 ba. Yaron da ya fi kowa iya waƙa muryarsa ta fara fashewa, abokansa suna yi masa dariya, ya daina zuwa. Wani uba kuma ya hana 'yarsa, ya ce ɓata lokaci ne. Masu son rubutu kuwa na rasa aikin da zan ba su. Har na fara tunanin in je in ce a ba wani. Ku ba ni shawara.

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki mayar da aikin. Mako 9 ya isa, yara 14 ma sun isa. Abin da ya fi ƙarfin lokacin da ke hannunki shi ne wasan nan mai shafi 38, kuma daga gare shi yawancin matsalolin suka faro. Mun san da ciwo a ce wa mutum ya rage abin da ya hana idonsa barci ya rubuta, amma ki duba lissafin da kanki.

Masu shirya wasa suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: kowane minti ɗaya da za a gani a dandamali yana cin kusan awa ɗaya ta bita. Ba doka ba ce, sai dai ga yaran da ba su taɓa hawa dandamali ba, da wuya ta yi nisa da gaskiya. Idan kuna haɗuwa sau 2 a mako, minti 75 kowane zama, a mako 9 kina da awa 22 da rabi. Ki cire makon gwaji da ranakun da wani taron makaranta zai cinye, abin da zai rage bai wuce awa 18 ba. Ke nan ƙarfinki ya tsaya a wasa mai minti 15 zuwa 18. Shafi 38 kuwa, in kowane shafi ya ci minti ɗaya da rabi, ya kusa awa guda. Ki ba yaran su karanta shi a bayyane daga farko zuwa ƙarshe, agogo na hannunki, za ki gani. Sannan ki tuna da waɗanda za su kalla: iyaye ne da suka zo ganin an kira sunan 'ya'yansu, sun sha zama sun sha jawabai. Gobe ki je wurin shugaban makaranta ki tambaye shi minti nawa takamaimai aka ba ku, kuma a wane gurbi na shirin. Ki roƙi a sa ku kafin a fara raba kyaututtuka, domin da zarar an raba, wuri ya fara watsewa. In an ba ki minti 25, ki kasa shi haka: waƙar buɗewa minti 3, wasa minti 15, rubutattun waƙoƙi biyu minti 2 kowacce, sauran ya tafi wajen shiga da fita.

Yaran da suka daina zuwa ba lalaci ne ya kore su ba. Ki ɗauki yaron da maganarsa layi uku ce a shafi na 30. Ya zo sau uku, ya zauna awa guda kowane zuwa yana kallon mutum huɗu suna maimaita shafi na 5, bai buɗe baki ba. Na huɗu ba zai zo ba, kuma da gaskiyarsa. Maganin shi ne a daina kiran kowa da kowa a kowace bita. Ki raba wasan fitowa-fitowa, ki rubuta jadawali ki manna: ranar kaza fitowa ta 2 da ta 3, ga sunayen waɗanda ake buƙata, ga lokacin farawa, ga lokacin tashi. Wanda babu sunansa ya huta. Kuma a tashi a kan lokacin ko da ana tsakiyar magana, domin wannan ne zai sa yara da iyayensu su yarda da jadawalin.

Cikin 46 ɗin da suka janye akwai da yawa da tun farko ba hawa dandamali suke so ba, so suke a dama da su. Ki kira su da sunan aiki. Kina buƙatar mai kula da dandamali, wanda zai riƙe babban kwafin wasan, rubutu a shafin dama, shafin hagu fari, yana rubuta da fensir inda kowa ya tsaya da ƙofar da ya shigo. Da fensir, domin za a yi ta sauyawa. Kina buƙatar mai tuni da zai zauna a gefe yana bin rubutun da yatsa don ya tuna wa wanda ya manta layinsa, mutum 2 a kan kayan wasa, 2 a kan sutura, 4 masu sauya kujeru da tebura, ɗaya mai ɗaukar sunayen waɗanda suka zo. Kowane babban tauraro a yi masa madadi wanda zai haddace rawarsa, a kuma faɗa tun yau cewa wanda ya yi fashi sau 2 ba uzuri, madadinsa ya gaje shi. Ki zartar da wannan a kan mutum na farko da ya faɗa ciki ko da shi ne gwaninki. In kika ɗaga masa ƙafa, dokar ta mutu.

Masu rubutu da kika rasa aikin da za ki ba su, ai ga aikin: su ne za su sake gina wasan. Ki ciro ƙashin labarinki a jimla 5 ko 6, kowace jimla fitowa ɗaya. A kan kowace fitowa su amsa tambaya uku a rubuce: wa ke son wani abu, wa ya tsaya masa a hanya, me ya sauya kafin fitowar ta ƙare. Duk fitowar da ba a samo amsar ta uku ba, a cire ta. Daga nan ki tsayar da 'yan wasa biyu ko uku ba tare da takarda ba, ki gaya musu halin da ake ciki, su yi ta da bakinsu sau 3, ana ɗaukar murya da waya. Marubutan su saurara, su tsince maganganun da suka yi daɗi, su zubar da maimaici, su kawo shafi 2 a kowace fitowa. Wannan hanya tana da riba biyu. Maganar tana fitowa da irin bakin yaran, don haka haddarta ba ta wuya. Sannan yaro ba ya guje wa wasan da ya san akwai layin da shi ya ƙirƙira a ciki. Mako 2 ya ishe su, kuma daga ranar da aka rufe rubutu ba a ƙara ko layi ɗaya, sai dai a rage.

Ki sa ido a kan kuskure guda da kusan duk sabon marubuci ke yi, wato mayar da taurari masu wa'azi. Za ki ga ɗalibin da ya yi satar amsa ya tsaya yana bayyana wa jama'a illar satar amsa a layi 12. 'Yan kallo sun riga sun san darasin, abin da suka zo gani shi ne yadda yaron zai yi lokacin da abokinsa da bai ji ba bai gani ba aka kama a madadinsa. Ki kafa musu ƙa'ida: kada wani ya yi magana da ta wuce layi 3 ba tare da wani ya katse shi ko wani abu ya faru ba, kuma kada tauraro ya faɗi abin da za a iya nunawa da aiki. Idan ana karanta aikin wani a ƙungiya, marubucin ya yi shiru, masu sauraro su faɗi abu biyu kawai: wurin da ya fi kama su, da wurin da suka ɓace. Kalmar "bai yi kyau ba" a hana ta, don ba ta nuna wa yaro inda zai gyara. Rubutun farko kuma a yi shi a gabanki a cikin aji, minti 20, da biro da takarda. Hakan ya fi duk wata barazana hana kwaso labarin fim ko waƙar wani daga intanet.

Masu rubuta waƙa su tsaya a baiti 6 zuwa 8, kuma ga mai koyo ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango (layi) biyu, ta fi sauƙin riƙewa. Abin da ke ba su wuya shi ne ma'auni. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali, saboda haka ɗango biyu za su yi tsawo ɗaya a takarda amma da an rera sai ɗaya ya yi ɗingishi, don gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi ba su zo daidai ba. Ido ba ya kama wannan, kunne ke kamawa. Kowane ɗango a rera shi ana tafi, inda harshe ya yi tuntuɓe a sauya kalma. Haka amsa-amo: in kika ga kalmar da ba ta da aiki a ƙarshen ɗango sai cika sauti, ki ce a koma a sake ɗangon daga farko.

Yanzu batun yaron nan, wanda a ganinmu ya fi wasan gaggawa. Abin da ke faruwa da shi ba lalacewar murya ba ne. A shekarun balaga, galibi tsakanin 12 da 15, maƙogwaron namiji yana girma, jijiyoyin murya su ƙara tsawo da kauri, muryar ta sauka da kimanin matakai 8, daga do zuwa do na ƙasa a jerin sautukan do-re-mi. Kafin ta zauna, tsokokin da ke sarrafa ta ba su saba da sabon girman ba, shi ya sa take tsinkewa ba zato. A wannan tsakanin sautukan da yaro ke iya kamawa cikin natsuwa sukan ragu, wani lokaci har zuwa 5 ko 6 kacal, kuma abin yakan ɗauki watanni, wani ma ya haura shekara. Ki kira shi, ki yi masa wannan bayanin a fili, domin sau da yawa yaro yana zaton baiwarsa ce ta tafi. Kada ki ce ya daina waƙa, kada kuma ki bar shi a kan tsohuwar waƙarsa mai hawa sama. Ki sa ya ƙirga daga 1 zuwa 10 da muryar da yake magana da ita, ki saurari inda ta zauna, daga nan ya ja sautin a hankali sama da ƙasa har ki gano iyakarsa. Ki ba shi amshi ko wani sashe da bai fita daga wannan iyakar ba, ko ki sauke waƙar gaba ɗaya. Ki sake auna shi bayan kowane mako 3, don iyakar tana matsawa. Kada ya yi ihu, kada ya matsa wa maƙogwaro, in ya ji zafi ya tsaya. Idan muryar ta dushe ta wuce mako 3 ba mura, wannan na likita ne. Dariyar abokai kuma ki kashe ta a gaban kowa da bayani guda: duk namijin da ke ɗakin ko ya wuce nan ko yana hanya. Ki ba shi riƙon ɗumama murya na ƙungiyar, don wanda ke jagorantar mutane ba kasafai suke mayar da shi abin dariya ba. 'Yan mata ma muryarsu tana sauyawa, sai dai kaɗan, yawanci za ki ji iska tana fita tare da sautin. Shi ma yana wucewa.

Ɗumama muryar minti 10 ne a farkon kowace bita: hannu a kan ciki, a shaƙi iska ciki ya kumbura kafaɗa ba ta ɗaga ba, a fitar da ita da sautin "sss" ana ƙirga 10, daga baya 15. Sai a rufe baki a yi "mmm" sama da ƙasa, sai karya-harshe biyu a hankali kafin a yi da sauri. Yara suna ɗauka ɗaga murya shi ne ihu, alhali ihu yana dusar da murya cikin kwana biyu kuma kalmomi ba sa fita. Abin da ake so shi ne isasshiyar iska da buɗe baki da rage sauri. Akwai wata matsala ta musamman ga mai wasa da Hausa: sautin jimla yana gangarowa ne daga farko zuwa ƙarshe, don haka kalmar ƙarshe takan faɗi ƙasa ta ɓace, kuma sau da yawa ita ce "ba" ɗin da ke juya ma'ana. Ki zaunar da ɗalibi ɗaya a kujerar ƙarshe ta zauren, duk lokacin da bai ji ƙarshen jimla ba ya ɗaga hannu, a maimaita. Ke ma ki daina tsayawa kusa da dandamali, domin da wanda suke gani suke magana.

Ranar ajiye takarda ita ce ƙarshen mako na 5, ba ɗagawa. Muddin takarda na hannu, ido na ƙasa, hannu ɗaya a ɗaure, ba a fara wasa ba tukuna. Hadda ta minti 10 kullum ta fi ta awa 2 a dare ɗaya zama a kai. Kowa ya haddace ƙarshen maganar wanda ke gabansa tare da tasa, domin yawancin shirun da ake yi a dandamali ba manta layi ba ne, rashin sanin cewa layinka ya zo ne. Bitar farko bayan ajiye takarda za ta yi muni, kada hakan ya tsorata ki. Mai tuni kada ya yi gaggawa, sai ɗan wasa ya nema ko shiru ya kai daƙiƙa 3. Tsayuwa kuwa abubuwa kaɗan ne: kada su jeru kamar layin taron safe, mutum uku su tsaya kamar duwatsun murhu, ɗaya a ɗan baya, kowa ya ba 'yan kallo kashi uku cikin huɗu na fuskarsa, in an yi dariya a jira ta lafa kafin a ci gaba. Ki shata girman dandamalin da alli a inda kuke bita, da ƙofofinsa. Sutura da kayan ado kada su ci miki lokaci. Abu ɗaya ga kowane tauraro ya isa a gane shi, tabarau ko sanda ko jaka, kuma tebur ɗaya da kujera biyu za su iya zama ofis su zama ɗaki.

Shi kuwa uban yarinyar, kada ki aika masa da saƙo ta bakin 'yarsa, kada kuma ki shiga gardama da shi a kan amfanin fasaha. "Ɓata lokaci" sau da yawa sutura ce ga tambayoyin da bai yi ba: ƙarfe nawa za ta dawo, su wa ke wurin, me za a sa ta faɗa ko ta saka, karatunta fa. Ki rubuta takarda mai shafi ɗaya da sa hannun shugaban makaranta zuwa ga dukan iyaye, mai ɗauke da ranakun bita, lokacin tashi, taƙaitaccen labarin wasan, da alkawarin cewa babu bita a makon gwaji da na jarrabawa. Ki rubuta cewa malamai biyu ne ke zama a kowace bita, ƙofa a buɗe, babu malamin da zai keɓe da ɗalibi, kuma ba za a ɗauki hoto ko bidiyon yaro a yaɗa ba sai da izinin iyayensa. Waɗannan ba don lallashi kawai ba ne, kariya ce ga yaran da ke kanki, ki tabbata ana yin su. Ki gayyace shi ya zo ya ga bita ɗaya, ki miƙa masa rubutun ya karanta. Idan bai yarda ta hau dandamali ba, ki tambaye shi ko za ta iya shiga cikin marubuta, a karanta sunanta ranar taro. In ya ƙi duka, ki girmama hukuncinsa, kuma kada yarinyar ta ga sauyin fuska daga gare ki. 'Yan ajin ƙarshe masu shirin babbar jarrabawa kada ki ba su manyan rawa.

Mako na 6 da na 7 na haɗa fitowa da fitowa ne, a nan waƙa za ta shiga cikin wasa. Ganga tana danne murya, don haka makaɗa su zauna a gefe, su sassauta hannu in ana rera baiti, su buɗe a wurin amshi. Mako na 8 a yi wasan daga farko zuwa ƙarshe sau 2 ba tsayawa, ko me ya faru, ki rubuta gyararrakinki ki faɗa bayan an gama. Sauya fage kada ya wuce daƙiƙa 20, a yi masa bitarsa daban, kowane mai ɗauka ya san kujerarsa. Mako na 9 dole a yi cikakkiyar bita ɗaya a ainihin wurin, da sutura da na'urorin da za a yi amfani da su.

Ƙarar nan mai huda kunne da lasifika kan yi a wurin taro tana tasowa ne idan makirufo ya ɗauki sautin da ke fita daga lasifika ya sake mayar mata, abin ya yi ta zagayawa. Ki sa lasifikoki a gaban layin da 'yan wasa ke tsayawa, suna fuskantar jama'a, kada mai riƙe da makirufo ya wuce gabansu. Ya riƙe shi kamar faɗin yatsu 3 daga baki, kada ya dunƙule kansa da tafin hannu, don hakan na ƙara jawo ƙarar. Wanda ba a amfani da shi a kashe. A sa sabon batir da safiyar ranar, a ajiye wani a aljihun mai kula da na'ura. Idan makirufo biyu kawai gare ku, kada a riƙa miƙa shi hannu da hannu a tsakiyar wasa, yana kashe saurin magana. A kafa su a bakin dandamali a matso da wasan gaba. In a fili za a yi, ki nemi wurin da bango yake bayan yaran, don ya turo sautin wajen jama'a. Kuma ki yi bita ɗaya cikakkiya babu na'ura ko ɗaya, ki gaya musu in wuta ta ɗauke ba a tsayawa: wanda ke magana ya tako gaba taku biyu, ya rage sauri, ya ci gaba daga inda yake.